Esi na Bango ko na Gida Gaba Ɗaya: Wanne Ya Dace da Mazaunin Onitsha?

Esi iri biyu za mu duba. Na bango, wato sifilit, rabinsa yana cikin ɗaki, injinsa yana waje, ɗaki ɗaya yake sanyayawa. Na gida gaba ɗaya kuwa inji guda ne ke tura sanyi ta bututun cikin silin zuwa kowane ɗaki, irin na otal da banki.

A nan kudu ba a neman na'urar ɗumama ɗaki, zafi da gumi ne matsalar, musamman Fabrairu da Maris.

Yawancinmu da ke kewayen Kasuwar Ochanja 'yan haya ne, don haka sifilit ya fi. In ka tashi, mai gyara ya kwance maka shi ka tafi da abinka. Na silin kuwa, ka bar wa mai gida.

Sai batun wuta. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin Band A naira 225 kowane yunit. Sifilit ɗakin da kake kaɗai zai ci wa wuta. Ƙaramin ɗaki 1HP ya isa, falo 1.5HP. Mai inbata ya fi tsada, amma ya fi sauƙi ga mita da janareto.

Kafin ka huda bango, nemi izinin mai gida.