MATAR LUMUMBA DA GAWAR DA BA A BA TA BA

Wani hoto ne ya ja ni ga wannan labari. A cikin tsofaffin takardun mahaifina na tsince shi, wata matashiya ce ba takalmi ba ɗankwali, tana tafe a kan titi jama'a na biye da ita. Da na tambaya sai aka ce min ai matar Lumumba ce, gawar mijinta ta fito nema. Tun daga ranar abin ya tsaya min a rai.

Shi dai Patrice Lumumba ɗan ƙasar Kwango ne, an haife shi a ƙauyen Onalua a 1925, lokacin Turawan Beljiyam ke mulkin ƙasar. Akawun gidan waya ne a garin da yanzu ake kira Kisangani, kuma ba zan ɓoye miki ba, a 1956 an ɗaure shi bisa laifin taɓa kuɗin ofis. Da ya fito sai ya koma tallar giya a babban birni, a nan ya gane Allah ya ba shi baki, in yana magana sai kowa ya tsaya. A 1958 suka kafa jam'iyyar MNC shi da abokansa, ƙarshen shekarar ya je Gana taron da Nkrumah ya kira. Abin da ya bambanta shi da yawancin 'yan siyasar lokacin, su kowa ƙabilarsa ko yankinsa yake ja, shi kuwa cewa yake Kwango ɗaya ce. Turawa suka sake kulle shi a 1959, amma da aka zauna teburin shawarar 'yanci a Beljiyam sai wakilan Kwango suka kafe sai an sako shi. Haka ya isa gurin da bandeji a wuyan hannu saboda ciwon ankwa.

Jam'iyyarsa ta fi kowacce kujeru a zaɓen Mayu 1960, ya zama Firayim Minista, Kasavubu ya zama shugaban ƙasa. Ranar 30 ga Yuni, ranar bikin 'yanci, Sarki Baudouin ya tashi yana yabon Sarki Leopold na biyu, wanda a zamaninsa ake yanke hannun mutane in ba su kawo ɗanyen roba ba. Ba a sa Lumumba cikin masu jawabi ba, amma ya miƙe ya lissafa musu duka da zagi da aikin tilas. Har ya tuna musu yadda Bature ke ce wa baƙar fata "kai", ya hana shi "ku" ta girmamawa. 'Yar'uwa, duk wadda aka taɓa kira gatsal a gaban mutane ta san zafin wannan.

Wasu na cewa bai iya bakinsa ba. Ni dai ina ganin gaskiya ya faɗa, sai dai ya faɗe ta ba shi da sojan da zai tsaya masa. Cikin mako guda sojoji suka yi bore, ranar 11 ga Yuli kuma Moise Tshombe ya ɓalle da lardin Katanga mai arzikin tagulla, Beljiyam na ɗaure masa gindi. Lumumba ya kira Majalisar Ɗinkin Duniya, sojojinta suka zo amma suka ƙi yaƙar Katanga. Da ya juya ga Rasha sai Amurka ta sa masa ƙahon zuƙa. Shi ma yana da nasa, domin sojojin da ya tura Kasai sun kashe talakawa da yawa. Ranar 5 ga Satumba Kasavubu ya tsige shi, ranar 14 kuma Mobutu, yaronsa da shi da kansa ya ɗora kan sojoji, ya ƙwace mulki. Duka-duka mulkin nasa sati goma ne.

To, ita Pauline Opango fa, matar da ya aura a 1951? A watan Nuwamba, yana tsare a gida, jaririyarsu bakwaini ta rasu. Ƙarshen watan suka sulale cikin dare da ɗansu Roland, za su Kisangani. A bakin kogin Sankuru sojojin Mobutu suka cim musu. Masu ba da labari sun ce har ya haye, da ya ga an tare matar da yaron sai ya dawo. Wallahi duk sanda na zo nan sai na ajiye biro.

Ranar 17 ga Janairu 1961 aka kai shi Katanga, aka harbe shi tare da Mpolo da Okito, hafsoshin Beljiyam na tsaye a gurin. Shekararsa 35. Sai 13 ga Fabrairu aka sanar, aka ce wai ƙauyawa ne suka kashe shi. Kashegari Pauline ta fito ƙirji a buɗe, alamar makoki a al'adarsu, ta taka har ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a ba ta gawar mijinta. Ranar aka ɗauki hoton nan.

Ba ta san babu gawar da za a ba ta ba. Wani ɗan sandan Beljiyam, Gerard Soete, ya daddatsa ta ya narkar a ruwan asid, ya ajiye haƙori a gidansa, sai bayan kusan shekara 40 ya faɗa da bakinsa. Beljiyam ta nemi gafara a 2002. Pauline ta yi zaman gudun hijira a Masar, ta dawo gida, ta rasu a Kinshasa a 2014 ba ta ga kabarin miji ba. 'Yarsu Juliana ce ta rubuta wa Sarkin Beljiyam takarda a 2020. A watan Yuni 2022 aka miƙa wa 'ya'yan haƙori guda mai rufin zinare, aka sa shi a akwatin gawa, aka binne a Kinshasa ranar 30 ga wata.