2.3 Tarihin Abuja a Idon Maziyarcin Wuni Ɗaya

Wannan sashe zai dubi tarihin Abuja ta hanyar abin da maziyarcin wuni ɗaya yake gani. Wanda ya taso daga Kaduna a mota zai wuce ta gefen Suleja kafin ya iso Dutsen Zuma. Wannan gari shi ne Abuja ta asali, wadda Abu Ja ya kafa wajen shekarar 1828, bayan jihadi ya fitar da sarakunan Haɓe daga Zariya.

A shekarar 1975 Janar Murtala Muhammad ya naɗa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda, saboda cunkoson da ya addabi Ikko. Kwamitin ya zaɓi tsakiyar ƙasa, inda kowace ƙabila za ta ɗauka nata ne. Dokar soja mai lamba 6 ta 1976 ta tabbatar da haka. Sabon birnin ya karɓi sunan Abuja, tsohon garin kuwa ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Gwamnatin Janar Babangida ta tare ranar 12 ga Disamba, 1991.

Da hantsi maziyarci zai ga faffaɗan tituna da Masallacin Ƙasa da Majalisar Dokoki a gindin Dutsen Aso. Da yamma kuwa zai tarar da dubban ma'aikata suna rububin motocin Nyanya da Mararaba da Suleja, domin kuɗin haya ya fi ƙarfinsu. Haka kuma an tayar da ƙauyukan Gwari da dama kafin a yi waɗannan gine-gine. Wannan ya nuna cewa birnin da aka tsara domin kowa, yawancin masu yi masa hidima wuni kawai suke yi a cikinsa.