Wiwin Igiya da Wiwin Maye: Tarihin da Ya Kamata Mu Sani

Idan aka ambaci wiwi a zangunanmu na Kumasi, Nima ko Tamale, abin da ke fara faɗo mana a rai shi ne matasan da hayaƙinsa ya ɗauke wa hankali. Damuwa ce ta gaskiya. Amma tun da Majalisar Dokokin Ghana ta tsoma baki cikin maganar nomansa, ya kyautu mu san inda zancen ya samo asali.

Akwai irin wannan tsiro da ake nomawa don ɓawonsa, wanda sinadarin maye da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba. Sinawa sun shafe dubban shekaru suna yin igiya da tufafi da takarda da shi. A 1533 Sarki Henry na Takwas ya wajabta wa manoman Ingila shuka rubu'in eka a kowace eka 60, domin jiragen ruwansa na buƙatar igiya da filafilai. Amurka ta danne nomansa da dokar haraji a 1937, amma da Japan ta mamaye Filifin a 1942 igiya ta yi wuya, sai gwamnati ta koma roƙon manoma su shuka. Bayan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961, ƙasashe da dama suka yi wa iri biyun kuɗin goro, kuma sai a 2018 Amurka ta sake halatta na igiyar.

Abin da ya farfaɗo da sunansa shi ne ƙasar noma. Cikin wata huɗu yakan kai tsawon mita uku, inuwarsa ta kashe ciyawa, saiwarsa ta huda ƙasa mai tauri, ganyensa ya ruɓe ya zama taki. Yana kuma zuƙe wasu gubobi. A ƙarshen shekarun 1990 an gwada shi kusa da tashar nukiliya ta Chernobyl. A Taranto ta Italiya, inda aka hallaka ɗaruruwan tumaki a 2008 saboda gubar masana'antar ƙarfe, makiyayan da suka yi asara sun shuka shi a 2014 don wanke gonarsu. Sai dai tsiro ne mai cin taki, kuma ba ya ƙara wa ƙasa ƙarfi yadda wake da gyaɗa ke yi.

A nan Ghana, dokar 2020 ta yarda a noma irin da sinadarin mayensa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, don masana'antu da magani. Kotun Ƙoli ta soke sashen a 2022 saboda ba a yi muhawara a kansa yadda tsarin mulki ya tanada ba, majalisa ta maido da shi a 2023. Ba mai shuka shi sai da lasisin Ministan Cikin Gida, kuma shan wiwi na nan a matsayin laifi.

Kama da wane ba wane ba ne. Kada wani ya ruɗi 'ya'yanmu da cewa gwamnati ta halatta busa hayaƙi, kada kuma dillali ya ruɗi manominmu na arewa ya shuka abin da zai kai shi kurkuku. Kakanninmu ma suna da tsiron igiyarsu: rama, wadda masana suka laƙaba wa suna Hibiscus cannabinus saboda kamar ganyenta da na wiwi. Ana cin ganyenta, a tufka ɓawonta, a shuka ta gefen gero da wake. Kafin mu hangi na nesa, mu waiwayi wadda muka bari a bayan gida.