Daga Kundin Haraji Zuwa Allon Kwamfuta: Yadda Ake Lissafin Mutanen Batsari da Safana

Wannan makon za mu leƙa yammacin Katsina, mu bi hanyar da sunan talaka ke bi kafin ya zama adadi a gaban mai mulki.

Wajen 1907, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka kafa baitulmali a Katsina da shawarar Bature Palmer, daga baya sauran masarautun Arewa suka ɗauka. Haraji da jangali kuwa ba sa tattaruwa sai da rubutu. Mai unguwa ya san magidantansa, dagaci na riƙe da jerin ƙauyukansa, malamin hakimi ya haɗa na gunduma. A ƙasar Ruma, wadda Batsari ce hedikwatarta a yau, lissafin kan bi ta hannun Sarkin Ruma, a Safana kuma ta hannun Yariman Katsina. Jerin mutane daban, na shanu daban, rasit daban, abin da ya ɗaure su wuri guda shi ne sunan ƙauye da na magidanci. Ƙarshen shekara a tara jimilla, Razdan ya rubuta rahoto.

Tun a lokacin takarda ba ta faɗin gaskiya duka. Makiyayi kan kora garkensa cikin daji idan ya ji masu ƙidayar jangali na tafe, don ya san shiga kundi biyan kuɗi ne. Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, shekara takwas kafin a ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987. Amma ƙidaya ba ta tsaya ba, manufarta ce ta sauya. Ta 2006 ta ba Batsari mutum sama da 200,000, Safana sama da 180,000, kuma da irin waɗannan alƙaluma ake kasafta allurar rigakafi.

A can Amurka, a 1970, Edgar Codd na kamfanin IBM ya fito da tsarin adana bayanai a jadawaloli daban-daban, a haɗa su ta wata lamba ko suna da suka yi tarayya a kai. Aikin malamin hakimi ke nan, sai dai na'ura ce ke yi. Daga baya aka ƙera manhajoji irin su Power BI, waɗanda ake jonawa da rumbun bayanan, su jawo alƙaluma su zana su a allo. A fannin lafiya Najeriya na amfani da DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar gina ta. Ma'aikacin asibitin ƙauye ya cike takardar wata, jami'in ƙaramar hukuma ya shigar a kwamfuta, ma'aikata a Katsina da Abuja su gani.

A nan gizo ke saƙar. Idan aka rubuta sunan ƙauye iri biyu a jadawali biyu, na'ura ta ɗauke shi ƙauyuka biyu, ko ta yar da ɗaya. Wani abin ya fi wannan ciwo. A shekarun nan 'yan bindiga daga dajin Rugu sun tashi ƙauyuka da dama a ƙananan hukumomin biyu, mutane suka yi gudun hijira zuwa cikin Batsari da birnin Katsina. Asibitin da aka rufe ba ya aika rahoto, gurbinsa sai ya zauna fayau. In wanda ya jona manhajar bai bambance gurbi da sifili ba, allo zai nuna babu yaron da ƙyanda ta kama a wurin, alhali babu wanda ya je ya duba ne. Mai rabon magani kuwa allon yake kallo.

Mu da ke son riƙe alƙalami, duk adadin da za mu saka a rubutu mu tambaye shi asalinsa: wa ya ƙirga, yaushe, wa aka tsallake? Mu kuma rubuta sunayen garuruwanmu daidai, Wagini, Runka, Zakka, Ruma, yadda mutanensu ke kiransu. Kakanninmu sun ɓuya wa kundi don gudun haraji, jikokinsu kuwa in suka ɓace daga kundi, magani ne ba zai iso gare su ba.

Allah ya kawo wa yankin zaman lafiya. Sai mako mai zuwa.