Littafin Makoki: Kukan Urushalima Bayan Yaƙin Babila

Littafin Makoki waƙoƙi biyar ne cikin harshen Ibrananci, waɗanda aka tsara bayan rundunar Nebukadnezzar, sarkin Babila, ta ci Urushalima da yaƙi a shekara ta 587 ko 586 kafin miladiyya. An ƙone haikalin da Sulemanu ya gina, aka rushe ganuwa, aka makantar da sarki Zadakiya, aka kwashe manyan gari zuwa bauta. Al'ada ta jingina littafin ga annabi Irmiya, amma waƙoƙin ba su faɗi sunan mai su ba, kuma masana da dama na ganin waɗanda aka bari cikin kufai ne suka yi su.

Yi wa birni makoki ya girmi Yahudawa, domin Sumeriyawa sun yi wa birnin Ur irinsa tun wajen shekara ta 2000 kafin miladiyya. Sai dai su sun ɗauki rushewar hukuncin alloli ne kawai, alhali mawaƙin Urushalima ya ce laifinmu ne ya jawo, har ya nuna annabawan ƙarya da firistocin da suka zubar da jinin marasa laifi. Kukan ma bai zo a warwatse ba. Waƙoƙi huɗu na farko sun bi haruffan Ibrananci 22 ɗaya bayan ɗaya, yadda jama'a za su iya haddacewa su karanta tare.

Akwai masu cewa wannan amsa laifin da mawaƙin ya yi ɗora laifi ne a kan wanda aka zalunta. Zargin yana da nauyi, amma littafin bai rufe bakin mai ƙorafi ba. Babi na 2 ya kwatanta Ubangiji da abokin gaba, ya nuna jarirai suna suma da yunwa a kan titi, babi na 5 kuma ya koka cewa iyaye ne suka yi zunubin, 'ya'ya suke ɗaukar hukuncin. Tuba a nan ba ta hana tambaya ba. Zancen rahama da ke sabuntuwa kowace safiya yana tsakiyar babi na 3, mai aya 66, daga nan aka koma cikin yunwa da takobi. Littafin ya ƙare da fargabar ko an yashe su ke nan. Shi ya sa Yahudawa, in sun karanta shi daren azumin 9 ga watan Ab, sukan maimaita ayar roƙon komowa da ke gabanin ta ƙarshe kafin su tashi.