Cutar da Ke Cin Baki: Daga Turai Zuwa Sakkwato

Ina ƙarami, akwai wata yarinya mai tallar rake a tashar motocin Kamba, nan Gaya. Kullum mayafi na rufe da rabin fuskarta. Mu yara cewa muke iska ce ta taɓa ta. Sai da na girma na gane ba ta da haƙoran gefe guda, bakin ma ba ya buɗuwa sosai. Raken da take sayarwa, ita ba ta iya sha.

Sunan cutar wajen likitoci noma. Kar ka rikice, ba noman gero ba ne. Kalmar Girkanci ce mai nufin cinyewa. Ƴan shekara 2 zuwa 6 ta fi kamawa, musamman wanda yunwa ta rame da shi, ƙyanda ko zazzaɓin sauro ya biyo baya. Daga ɗan gyambo a dasashi take farawa, da jini da wari. Cikin ƴan kwanaki ta huda kunci, ta kai ga ƙashi, haƙora su zube. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1998, yara 140,000 ke kamuwa duk shekara, tara cikin goma kuma na mutuwa.

Wanda ya tsira fa? Nan ne abin ya fi ci mini rai. Babu turamen tauna, tabo ya ɗaure muƙamuƙi, sai kunu da koko. Nama, ƙuli-ƙuli, ko tuwon da ya kwana, duk sun fi ƙarfinsa. Ka ga yunwar da ta kawo cutar ita ce cutar ke mayar da shi gare ta. Magana ba ta fita daidai, lakkol ta gagara saboda dariyar yara, aure kuwa kar ma a yi zancensa.

Da yawanmu na ɗauka ciwon baƙar fata ne. Ko kusa. A ƙarni na 18 da na 19 ta yi ɓarna cikin ƴaƴan talakawan Holan, Jamus da Ingila. Ta kuma janye daga can tun kafin penisilin ya shigo hannun likitoci a shekarun 1940, don abinci da tsabta sun samu. Da ƴan Nazi suka tara mutane cikin yunwa a sansanin Auschwitz da Bergen-Belsen, sai ga ta ta dawo. To wace iska ce wannan, mai bin rumbun da ba kowa ciki?

A ƙasashenmu an makara. Ƙungiyar Sentinelles ta Suwizilan ta fara kula da masu cutar a Damagaram a 1992. A 1999 aka buɗe asibitin yara masu noma a Sakkwato, inda Médecins Sans Frontières ke taimakawa tun 2014. Najeriya ce ta shige gaba wajen kai ƙorafi, har ranar 15 ga Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su.

In an kama ta tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa. In ta wuce nan, sai aikin tiyata, wani lokaci sau biyu ko uku. Shi ma likitoci ba sa farawa sai sun ciyar da yaron ya yi ƙarfin da zai jure wuƙa.