Dalilin da ƙunshin bayanai ke bayyana sau biyu a hanyar sadarwa mai siffar zobe

Duk saƙon da ke bin hanyar sadarwar kwamfuta ana gutsuttsura shi ne ƙunshi-ƙunshi, kowanne ɗauke da adireshin mai aikawa da na mai karɓa. Idan sadarwa ta yi nauyi, injiniyoyi kan naɗi abin da ke wucewa da manhajoji irin su Wireshark ko tcpdump domin gano inda gizo ke saƙa. A hanyar da aka jona na'urorinta kamar zobe, wato kowace na haɗe da maƙwabtanta biyu har layin ya koma mafarinsa, akan ga ƙunshi ɗaya ya bayyana sau biyu ko fiye. Wani maimaicin ba komai ba ne, wani kuwa kan durƙusar da sadarwar ma'aikata baki ɗaya.

A tsohon tsarin Token Ring da kamfanin IBM ya fitar a 1985, ƙunshi kan zagaya zoben gaba ɗaya. Mai karɓa ya kwafe shi, ya sa masa alamar cewa ya isa, sannan ya bar shi ya wuce har ya koma wurin mai aikawa, wanda shi ke cire shi. Saboda haka wanda ya naɗa daga bakin mai aikawa yana iya ganin fitarsa da kuma dawowarsa.

Akwai ma tsarin da da gangan yake maimaitawa. HSR, wanda ke cikin ƙa'idar IEC 62439-3 kuma ake amfani da shi a tashoshin rarraba wutar lantarki, yana tura kowane ƙunshi ta dama da ta hagu lokaci guda. Wanda ya riga isa shi ake karɓa, a yar da na biyun. Ko waya ta tsinke a gefe guda, umarnin katse wuta zai isa ba tare da jinkiri ba. A irin wannan zobe, rashin ganin kwafi na biyu ne abin damuwa.

Sau da yawa kuwa laifin na mai naɗar ne. Idan aka umarci na'urar rarraba saƙo ta kwafo abin da ke shiga da abin da ke fita daga ƙofofinta, ƙunshi ɗaya zai zo sau biyu, Wireshark kuma ta ɗauka sake aikawa aka yi saboda ya ɓace a hanya. An sha ɓata sa'o'i ana neman cutar da babu ita.

Mai haɗarin shi ne zoben Ethernet da ya rufe ba shinge. Ƙunshin Ethernet ba shi da ma'aunin wa'adi, don haka saƙon da aka aika wa kowa da kowa zai yi ta kewayawa har layin ya cushe. Wannan ne ya sa Radia Perlman ta ƙirƙiro tsarin Spanning Tree a 1985, wanda ke toshe hanya ɗaya. Ƙa'idar G.8032 ma haka take yi, tana kuma buɗe hanyar cikin ƙasa da milisakan 50 idan wata ta yanke.

Ana bambance su ne ta duba lambar shaidar ƙunshin, da ma'aunin wa'adinsa na IP da ake kira TTL, da tazarar lokaci. Kwafin da naɗa ta haifar yakan zo kusan a manne da ɗan'uwansa da lamba iri ɗaya, sau biyu kacal. Idan TTL ya ragu da ɗaya, an kama shi ne kafin ya ratsa rauta da kuma bayan ya ratsa. Idan kuwa ƙunshi ɗaya na dawowa sau ɗaruruwa, to shingen zoben ya faɗi. Manhajar editcap na iya share maimaici daga fayil, sai dai tana share shaidar wannan matsalar ma, don haka akan ajiye ainihin fayil ɗin kafin a taɓa shi.